Abincin kifin bas a ƙananan tafkuna da kududdufai

Kifin bas mai babban baki, wanda masana suka daɗe suna kira Micropterus salmoides, asalinsa Amurka ta Arewa ne. A ƙaramin tafki yawanci shi ne babban maharbi a cikin kifaye, kuma girman bakinsa ne ke iyakance abin da zai ci. Ba ya taunawa. Wangale baki yake yi farat ɗaya ya zuƙo ruwa haɗe da abin da ya kama, ya haɗiye shi ɗungurungum, galibi ta kai.

Abincin nasa na canzawa da girmansa. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe suna farawa da ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa, irin su Daphnia, sannan su koma kan ƙwari da tsutsotsinsu. Da sun kai tsawon kamar santimita 5 sai su soma kama kifi, har da 'yan uwansu da ba su kai su ba.

A kududdufan Amurka babban abincinsa shi ne bulugil, wato Lepomis macrochirus, wani faffaɗan ƙaramin kifi mai yawan haihuwa. Homer Swingle na jami'ar Auburn da ke jihar Alabama ya yi bincike a kan haɗa su biyun tun daga shekarun 1930, kuma har yau da tsarin ake zuba kifi a kududdufai. Sai dai daidaiton yana da wuyar riƙewa. Bas in ya yi yawa sai ya cinye ƙananan bulugil, ya tsumbure da yunwa. In kuma ciyawar ruwa ta yi kauri, bulugil ya samu maɓoya ya cika wurin, har ya riƙa cin ƙwan bas ɗin a sheƙarsa.

Bayan kifi yana cin jatan landen ruwan daɗi, kwaɗi da farar da ta faɗo ruwa. Manya kan haɗiye maciji, ɓera ko ɗan agwagwa, amma wannan jefi-jefi ne, labarinsa ya fi faruwarsa yawa.

Da asuba da magariba ya fi farauta, yana laɓewa jikin ciyawa ko kututture. Idan ruwa ya yi laka, yana jin motsin abin farauta ta wani layin jijiyoyi da ke gefen jikinsa. Sanyi na rage masa ci, domin ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyos abinci kan daɗe bai narke a cikinsa ba.