Momentom: abin da ba ya salwanta idan motoci suka yi karo

Da wuya mutum ya kunna rediyo a Garwa ranar wasa bai ji mai sharhi yana cewa Coton Sport "ta samu momentom" ba, sannan da zarar an zura mata ƙwallo sai ya ce momentom ɗin ya ɓace. 'Yan siyasa ma sun ari kalmar. Ba zan ja da su ba, domin damuwata tana kan yaran lise, wato babbar sakandare, masu shirin jarabawar bakaloreya, waɗanda ke shiga ajin fizik da wannan fahimta a kansu, alhali kuwa a can babbar siffar momentom ita ce ba ya ɓacewa haka siddan.

Littattafanmu na Faransanci suna kiransa adadin motsi, wato nauyin abu a ninka da gudunsa, tare da kiyaye alƙiblar da ya dosa. Idan abubuwa biyu suka yi karo, kowanne yana tura ɗan'uwansa da ƙarfi iri ɗaya na tsawon lokaci ɗaya, don haka abin da wannan ya rasa shi wancan ya samu, jimla kuma ba ta canzawa. Gogayyar taya da kwalta ba ta shiga lissafi, saboda karon bai kai ƙiftawar ido ba.

A ɗauka babbar mota ce ɗauke da auduga a hanyar Ngaundere, nauyinta kilo 9,000, tana gudun mita 10 a daƙiƙa, sai ta yi taho-mu-gama da ƙaramar mota mai kilo 1,000 da ke gudun mita 20, suka maƙale da juna. Momentom ɗin babbar 90,000 ne, na ƙaramar 20,000, amma tunda sun fuskanci juna dole a ɗebe ɗaya daga ɗaya, ya rage 70,000. Idan aka raba da jimlar nauyinsu, kilo 10,000, za su ci gaba da gudun mita 7 a daƙiƙa ta inda babbar ta nufa. Ɗalibin da ya manta alƙibla yakan tara lambobin ya samu mita 11, ya ja layi a ƙarƙashin amsarsa da farin ciki, bai lura cewa ya ce babbar motar da aka buga daga gaba ta ƙara gudu ba. Wannan kuskuren yana da tarihi: masanin Faransa René Descartes ya yi irinsa a 1644, sai a 1668 zuwa 1669 John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens suka gyara shi a rahotannin da suka gabatar wa ƙungiyar masana kimiyya ta Landan.

Ruɗani na biyu ya fi ba ni haushi, domin yana kama da hankali. Yaro zai ce ai ga ƙarfe ya lanƙwashe, gilasai sun tarwatse, ta yaya za a ce ba a rasa komai ba? An rasa mana, amma makamashin motsi ne, wanda ake samu da rabin nauyi a ninka da gudu, a sake ninkawa da gudu. Kafin karon nan akwai jul (ma'aunin makamashi) 650,000, bayansa jul 245,000 ya rage, sauran 405,000 kuwa shi ne ya murɗe ƙarfen, ya koma zafi da ƙara. A ganina malaman da ke kiran waɗannan abubuwa biyu "ƙarfi" don sauƙaƙa wa yara su ne ke shuka ruɗanin. Idan tambaya ta ce abubuwan sun maƙale bayan karo, lissafin momentom kaɗai ake daidaitawa. Na makamashi ba ya shiga sai an faɗa ƙarara cewa karon bai cinye makamashin motsi ba.