Me Ke Kai Wanda Ba Ɗan Katolika Ba Cikin Muhawarar 'Yan Katolika?

Duk inda 'yan Katolika suka zauna tattauna addininsu, da wuya a rasa baƙo a cikinsu: ɗan Baptis, ɗan ECWA, Musulmi, Bayahude, ko ma wanda bai yarda da wani addini ba. Wasu masu gidan suna murna da zuwansu, wasu kuma suna ɗari-ɗari. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Su wane ne suka fi zuwa?

Kiristocin da ba na Katolika ba, musamman 'yan Furotesta, waɗanda tushen rabuwarsu da cocin Rum, wato Katolika, ya faro daga boren Martin Luther a Jamus a 1517. Akwai kuma 'yan Otodoks na Gabas, waɗanda aka fi danganta tasu rabuwar da shekarar 1054. Mabiya Katolika sun kai kimanin biliyan 1.4, wato kusan rabin Kiristocin duniya, don haka duk mai son sanin Kiristanci, ko ba daɗe ko ba jima sai ya ci karo da su.

To, ɗan Furotesta da ya riga ya san sun saɓa, me yake nema?

Yawanci yana son ya ji daga tushe. Ya tashi yana jin ana cewa 'yan Katolika suna bauta wa Maryam, suna sujada ga gumaka, sun ƙara littattafai a cikin Littafi Mai Tsarki. Idan ya girma sai ya ga ya kamata ya tambayi masu abin, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Amsar da zai samu kan ba shi mamaki. Koyarwar cocin ta bambanta bauta, wadda ta ce ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawar da ake yi wa Maryam da tsarkaka, waɗanda ake roƙonsu su yi wa mutum addu'a. A kan littattafai kuwa, gaskiya ne na Katolika 73 ne, na Furotesta 66, amma 'yan Katolika za su ce masa bakwai ɗin nan suna cikin tsohuwar fassarar Girkanci da Kiristocin farko suka yi amfani da ita, ba ƙari aka yi daga baya ba. Shi kuma zai amsa da cewa ba sa cikin littattafan da Yahudawa suka amince da su a Ibrananci. Daga nan muhawarar ta zama ta hujja da tarihi, ta daina zama ta "an ce". Haka ake yi a kan matsayin Paparoma, da furta zunubi a gaban limamin coci, da batun ko burodi da ruwan inabin Jibin Ubangiji suna zama ainihin jiki da jinin Almasihu, kamar yadda Katolika ta koyar, ko kuwa alama ce ta tunawa.

Irin wannan zama ba ɓata lokaci ba ne. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa game da yadda mutum ke samun barata, wato karɓuwa a matsayin mai adalci a gaban Allah, batun da shi ne kan gaba wajen raba su tun ƙarni na 16. Shekaru da dama na zama da sauraren juna ne suka haifar da ita.

Musulmi fa, me ya haɗa shi da wannan zance?

Abubuwa da yawa, kuma a nan ne batun ya fi kusa da mu. Na farko Nana Maryam: Alƙur'ani yana da sura guda mai sunanta, kuma a cikin Kiristoci babu masu ɗaukaka ta kamar 'yan Katolika da 'yan Otodoks. Na biyu, cocin da kanta ta buɗe ƙofa. A babban taron Vatikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, an fitar da takardar Nostra Aetate a ranar 28 ga Oktoba 1965. A cikinta cocin ta ce tana kallon Musulmi da mutunci, ta ambaci bautarsu ga Allah ɗaya, girmamawarsu ga Annabi Isa a matsayin annabi da mahaifiyarsa, da sallarsu, sadakarsu da azuminsu, sannan ta nemi a bar gabar da ta wuce.

Ba kullum ake tafiya lami lafiya ba. Laccar da Paparoma Benedict na 16 ya gabatar a Regensburg a 2006 ta ɓata wa Musulmi rai ƙwarai. Abin da ya fi burge ni shi ne martanin da ya biyo baya: a 2007 malaman Musulunci 138 suka rubuta wa shugabannin Kirista buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kiran a zauna a kan abin da aka haɗu a kai, son Allah da son maƙwabci. Sai ga shi a ranar 4 ga Fabrairu 2019 Paparoma Francis da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, sun sa hannu kan takardar 'yan'uwantakar ɗan'adam a Abu Dhabi.

A Arewacin Najeriya kuwa dangantakar ta wuce ta takarda. Kwalejin Rimi ta Kaduna a da St. John's ce, Kwalejin Sarauniya Amina kuma Queen of Apostles, duka na Katolika kafin gwamnati ta karɓe su. Musulmi da yawa sun yi karatu a irin waɗannan makarantu, ko an yi jinyar 'yan'uwansu a asibitocin mishan irin St. Gerard's da ke Kakuri. Paparoma John Paul na 2 ya zo Kaduna a 1982. Kadinal John Onaiyekan, lokacin yana shugabancin ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ya jagoranci majalisar addinai ta NIREC tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Kuma duk lokacin da Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya fitar da saƙon Kirsimeti, kamar na 2020, ana kwana ana tashi ana tafka muhawara a kai, Musulmi da Kirista, masu yabo da masu suka. Wanda ke zaune da mutane haka, dole ya so sanin abin da ke ransu.

Shin duk neman ilimi ne?

A'a. Wani aure ne ya kawo shi. Dokar cocin ta ce ɗan Katolika da zai auri Kirista na wata ɗariƙa sai ya nemi izinin bishop, in kuma wanda zai aura ba a yi masa baftisma ba, sai an yi masa sassauci na musamman. Ɓangaren Katolikan zai yi alkawarin yin iya ƙoƙarinsa don a yi wa 'ya'yan baftisma su tashi a Katolika, kuma dole a sanar da ɗaya ɓangaren wannan alkawari. Mai shirin shiga irin wannan aure, ko iyayensa, suna da cikakken haƙƙin yin tambaya tun kafin a ɗaura. Wani kuma an gayyace shi jana'iza ko bikin baftisma ne, yana so ya san yadda zai yi kada ya yi abin kunya.

Wanda bai yarda da addini ba fa?

Cocin tana da rubutaccen matsayi a kan kusan duk abin da ake gardama a kai: zubar da ciki, hana haihuwa, hukuncin kisa, yaƙi, haƙƙin ma'aikaci, muhalli. Mai son gwada hujjarsa yana samun abin kamawa. A Janairun 2004, a Munich, masanin falsafar nan na Jamus Jürgen Habermas, wanda ba mai addini ba ne, ya zauna da Kadinal Joseph Ratzinger, wanda ya zama Paparoma Benedict na 16 bayan shekara guda, suka tattauna tushen ɗabi'a a ƙasar da ba ruwanta da addini. Wasiƙar Francis ta 2015 kan muhalli ma duk mazauna duniya ya rubuta wa, ba mabiyansa kaɗai ba.

Akwai kuma masu zuwa da ciwo a rai. Tun bayan da aka bankaɗo cin zarafin yara da wasu limaman coci suka yi a Boston a 2002, da yadda wasu shugabanni suka rufa asiri, mutane na ciki da na waje suna neman bayani. Tambayarsu halastacciya ce, kuma bai kamata a kore su da sunan kare martabar addini ba.

Wannan ba hanyar sauya addini ba ce a fakaice?

Wasu kan sauya. John Henry Newman, limamin Anglika a Ingila, ya koma Katolika a 1845 bayan dogon nazarin tarihin cocin farko, kuma an ayyana shi cikin tsarkaka a 2019. Amma shiga ba ta dare ɗaya ba ce: baligi yakan yi watanni yana ɗaukar darasi, galibi sai daren jajibirin Ista ake karɓarsa, kuma dokar cocin ta haramta tilasta wa kowa shiga. Yawancin baƙi suna komawa da addininsu yadda suka zo, sai dai sun daina maimaita abin da ba gaskiya ba game da maƙwabtansu. A ganina wannan kaɗai riba ce babba.

Ina iyakar baƙo?

Yana iya tambaya, yana iya musu, yana iya halartar sujada ya zauna ya saurara. Abin da ba zai yi ba shi ne karɓar Jibin Ubangiji, domin a wurin cocin karɓarsa shaida ce ta cikakken tarayya da ita a imani. Togaciyar da ke akwai 'yar kaɗan ce, galibi ga 'yan Otodoks ko Kiristan da ke bakin mutuwa. Lokacin da jama'a suka tashi zuwa gaba, baƙo ya zauna a wurinsa, babu wanda zai ga laifinsa. A wajen muhawara kuma ya faɗi ko shi wane ne tun farko, kada ya yi shigar ɗan gida yana wa'azi a ɓoye, kuma idan zai soki wata koyarwa ya fara faɗinta yadda masu ita za su ce e, haka muka ce.