Mene ne bambancin ƙwayoyin gado?

Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wani dogon zare a jikinsa da masana ke kira DNA, wanda ke ɗauke da bayanin yadda jiki zai ginu da yadda zai yi aiki. Haruffa huɗu kacal ake jerawa a cikinsa, amma tsawon jerin ya kai kimanin biliyan 3, kuma mutum kwafi biyu yake gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. An kammala babban aikin karanta wannan jeri a 2003. In aka gwada na mutum biyu, ko daga ina suka fito, za a tarar sun yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin ɗari. Ɗan abin da ya rage, wato wurare miliyoyi inda harafin wannan ya saɓa da na wancan, shi ake nufi da bambancin ƙwayoyin gado. Galibinsu ba sa canza komai. Wasu kuwa suna taɓa abin da harshe ke ji, da abin da ido ke gani, da yadda jiki ke tara kitse.

Labarin ɗanɗano ya samo asali ne a 1931, a ɗakin gwaje-gwaje na kamfanin DuPont a Amurka. Wani masanin sinadarai, Arthur Fox, yana zuba garin sinadarin PTC sai ƙurarsa ta tashi. Abokin aikinsa ya yamutsa fuska ya ce ɗaci ya cika masa baki. Fox, wanda ya fi shi kusa da garin, bai ji komai ba. Sai a 2003 aka gano tushen abin: ƙwayar gado, wato wani yanki na DNA, mai suna TAS2R38, wadda ke gina ɗaya daga cikin masu karɓar ɗaci a kan harshe. Mai nau'i ɗaya yana jin ɗacin sosai, mai ɗaya nau'in kuwa tamkar ya lashi takarda. Don haka idan mutum ya ce wani ganye ya yi masa ɗaci, ba lallai tsirfa yake yi ba, mai yiwuwa harshensa na jin abin da naka ba ya ji.

Haka ido. Ƙwayoyin gadon da ke bambance ja da kore suna kan kuromosom X, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ke jikin mutum. Namiji X ɗaya gare shi, in ta zo da tangarɗa babu mai rufa mata asiri, mace kuwa biyu gare ta. Shi ya sa a tsakanin 'yan asalin arewacin Turai kusan namiji 1 cikin 12 ke da makantar launi, mata kuwa 1 cikin 200.

Maganar ginin jiki ita ce ta fi damuna, domin a nan ake yi wa mutane rashin adalci. A 1990 Claude Bouchard da abokan aikinsa na Jami'ar Laval a Kanada suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun killace tagwaye maza masu kama ɗaya, biyu-biyu har kashi 12, suna ƙara wa kowa kalori 1,000 a kan abin da jikinsa ke buƙata, kwana shida a mako, na tsawon kwana 100. Ƙarin iri ɗaya ne, zaman iri ɗaya. Da aka hau sikeli, wani ya ƙara kilo 4, wani ya ƙara 13. Abin lura shi ne, kowane ɗan tagwaye ya fi kusa da ɗan'uwansa, a yawan ƙarin da kuma inda kitsen ya taru, musamman a ciki. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin kiran mai ƙiba mahaɗamaci ba.

Sai dai gado ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Ƙwayar gado mai suna FTO, da aka danganta da ƙiba a 2007, tana cikin waɗanda suka fi tasiri a tsakanin jama'a, amma mai kwafi biyu na nau'in haɗarin bai wuce sauran mutane da fiye da kimanin kilo 3 ba a matsakaici, kuma motsa jiki na rage tasirinta. Akwai inda ƙwaya ɗaya tak ke haddasa ƙiba mai tsanani, kamar yaran da aka gano a Kambirij ta Ingila a 1997 waɗanda jikinsu ba ya samar da leptin, sinadarin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki na da ajiyar kitse. Yunwarsu ba ta yankewa, sai da aka fara yi musu allurarsa. Irinsu ba su da yawa. Ga yawancin mutane, ɗaruruwan bambance-bambance ne ke haɗuwa, kowanne da ɗan tasirinsa, sannan abinci da barci da aiki su yi nasu.

A nan ya kamata a yi hattara da kamfanonin da ke karɓar yawun mutum su aiko masa da sakamako ta intanet, wai ga abincin da ya dace da jininsa. Mafi yawan binciken da suke dogaro da shi a kan Turawa aka yi, alhali mutanen Afirka ne suka fi kowa yawan bambancin ƙwayoyin gado a duniya. An gwada irin lissafin da ake yi da sakamakon wannan bincike a kan 'yan asalin Afirka, kuma hasashensa ya yi rauni ƙwarai.