Ɓaraguzan ginin Turai ba sa hanyar zuwa Apapa: fashin baƙin dokar fitar da shara

Tun da labari ya fita a farkon 2025 cewa Najeriya na cikin ƙasashe 24 da suka nemi izinin karɓar sharar Tarayyar Turai, maganar ba ta kwanta ba. Cikin mako guda aka turo mini saƙon murya biyu a WhatsApp, kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. Na farko yana rantsuwa cewa an sayar da mu, nan ba da jimawa ba jiragen ruwa za su fara sauke ɓaraguzan gidajen Turawa da gubarsu a Legas. Na biyu, wanda da alama daga bakin 'yan kasuwar kayan gini ya fito, cewa yake Turai ta haramta fitar da duk wani kayan gwanjo, don haka ƙofofi da tagogi da bahon wanka da tayil 'yan Beljiyam sun ƙare, kowa ya riƙe na hannunsa. Doka guda ba za ta buɗe ƙofa ta kuma rufe ta a lokaci ɗaya ba. Duk su biyun sun ji ƙarar ganga ne ba su ga makaɗi ba.

Dokar da ake magana ita ce ta Tarayyar Turai kan jigilar shara, mai lamba 2024/1157, wadda ta fara aiki ranar 20 ga Mayu 2024 ta maye gurbin tsohuwar ta 2006. Ba rana ɗaya aka ɗora wa mutane ita ba. Yawancin sassanta, musamman na zirga-zirgar shara tsakanin ƙasashen Tarayyar, an sa musu 21 ga Mayu 2026. Sababbin sharuɗɗan fitarwa zuwa waje kuma 21 ga Mayu 2027. Ta shafi mai shara, da dillali, da mai ɗauka, da masana'antar da za ta karɓa.

Abin da masu saƙon murya ba su faɗa ba shi ne, babban ɓangaren dokar ba da mu ake yi ba. Maganar Turawa ce a tsakaninsu, kuma magina na kan gaba cikin waɗanda ta dama. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk sharar da ake tarawa a Tarayyar Turai daga gini da rusau take fitowa. Tun a 2008 suka sa wa kansu burin cewa kafin 2020 a riƙa sake amfani da kashi 70 cikin 100 na ɓaraguzan da ba su da guba. Daga nan tunanin ya ƙara nisa: maimakon a rushe gini da katafila a kwashe, a kwance shi daki-daki, a cire jan bulo da katako da ƙarfe da tayil, a sayar wa mai sabon gini. A Brussels, babban birnin Beljiyam kuma mazaunin hukumar Tarayyar Turai, akwai wata ƙungiyar masu zanen gini mai suna Rotor da ta yi fice a wannan sana'a, ita ce ma ta jagoranci wani shirin haɗin gwiwa mai suna FCRBE tare da abokan aiki daga Faransa da Birtaniya. Lissafin shirin ya nuna cewa a arewa maso yammacin Turai kashi 1 cikin 100 kacal na kayan gini ake sake ɗorawa a wani ginin. Mu da muka saba ganin an cire kwano da azara da ƙyaure daga tsohon gida an kai sabo, sai abin ya ba mu dariya, wai har sai an yi shiri da taro kafin a gano haka.

Inda gizo ke saƙar shi ne kan iyaka. Ɗan kwangilar da ya rushe bene a birnin Lille na Faransa, wata ƙila injin niƙa kankare mafi kusa da shi yana tsallaken iyaka a Beljiyam, tafiyar 'yan kilomita. Amma da zarar tifa ta ƙetare layin, kayanta ya zama sharar da aka fitar daga ƙasa zuwa ƙasa, sai takardu su tashi. Dokar ta raba hanyar gida biyu. Akwai koren jeri, na sharar da ba ta da haɗari kuma ba a cakuɗa ta ba, kamar fasasshen kankare, allunan farar ƙasa na bango da silin, da tsabtataccen tsohon ƙarfe. Wannan ba ya buƙatar izini, sai takardar bayani da yarjejeniya tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Sauran kuwa, wato mai guba da wanda aka gwamutsa, katako da roba da kankare a mota ɗaya, dole a sanar da hukumomin ƙasar tashi da ta sauka da duk wadda za a ratsa, a jira amincewarsu a rubuce, a kuma ajiye kuɗin jingina da zai isa a dawo da kayan in aiki ya ɓaci. Sabon abu a nan shi ne an mayar da takardun cikin manhajar kwamfuta guda mai suna DIWASS, an kuma sauƙaƙa wa masana'antun da hukuma ta riga ta tantance: amsa ta fi saurin zuwa, izinin kuma kan kai shekara uku maimakon ɗaya. Ɗaukar shara zuwa wata ƙasar Tarayyar don kawai a binne ta kuwa an hana, sai da dalili mai ƙarfi.

To, ina maganar Najeriya? Fitar da shara mai guba daga Tarayyar Turai zuwa ƙasashen da ba sa cikin ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, haramun ne tun kafin wannan doka, kuma yana nan daram. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikin OECD. Silin asbestos da aka ɓamɓaro daga tsohon gini yana cikin wannan haramci. Fitar da shara don zubarwa kawai shi ma haramun ne. Abin da ya canza shi ne sharar da ba ta da guba. Daga Mayun 2027 ita ma an rufe ta, sai ga ƙasar da ta rubuto da kanta ta ce tana so, ta faɗi irin wadda take so, ta kuma nuna tana da dokoki da masana'antun da za su sarrafa ta ba tare da an cutar da mutane ba. Wa'adin farko na miƙa takarda shi ne 21 ga Fabrairu 2025. Najeriya ta miƙa, haka Togo da Masar da Maroko da Tunisiya da Indiya da Saudiyya. Miƙa takarda ba samun shiga ba ne. Hukumar Tarayyar ce za ta duba ta fitar da jerin, doka ta ba ta zuwa 21 ga Nuwamba 2026, kuma tana da ikon cire sunan ƙasa daga baya. Bayan haka ma, kamfanin da zai aiko da kaya sai ya sa wani mai bincike mai zaman kansa ya duba masana'antar da za ta karɓa.

Ban da doka ma, a yi lissafin kasuwa. Fasasshen kankare nauyi gare shi ba daraja. Kuɗin ɗaukar kwantena ɗaya daga Antwerp zuwa Apapa ya ninka abin da ke cikinta sau da yawa, kuma tsakuwa ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ke tsallaka teku shi ne mai tsada. Tarayyar Turai na fitar da shara sama da tan miliyan 30 a shekara, fiye da rabi tsohon ƙarfe ne, babbar mai saye kuma Turkiyya, inda ake narka shi a mayar da shi rodi.

Ban ga laifin wanda ya tsorata ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1988 aka gano dubban durom na guba, sama da tan 3,500, da aka kawo daga Italiya aka jibge a wani fili a garin Koko, wanda yanzu ke jihar Delta. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta daga Rum, aka tilasta kwashe kayan, sannan aka kafa doka mai lamba 42 ta 1988 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai guba. Irin wannan abin kunya na cikin dalilan da suka kai ga yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991, masu taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe. Dokar Turai ba ta goge ko layi ɗaya daga tamu ba. Abin da Najeriya ta haramta, ko Brussels ta sa hannu haramun ne a tashar jiragen ruwanmu.

Yanzu ga sashen da ya fi rikita 'yan kasuwa, wanda a ganina shi ya kamata a riƙa yawo da shi a waya: sashe na 29. Dokar ba ta taɓa kayan gwanjo ba, shara ta taɓa. Tambayar ita ce, yaushe tsohuwar ƙofa take ƙofa, yaushe kuma ta zama shara? Sashen ya ce kafin a ɗauki abu a matsayin kayan hannu, sai an tabbata cewa lallai za a yi amfani da shi, ba wai ana fata ba. Sai ya zama zai yi aikin da aka ƙera shi dominsa ba tare da babban gyara ba. Inda gwaji ya dace, a gwada shi. Amfani da shi kada ya saɓa wa doka. Sannan a ɗaure shi a kare shi a hanya yadda ake yi wa kaya mai daraja.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda mutane ke rainawa, shi ne kuma jami'in kwastan ke fara gani. A ɗauki tagogin alminiyum ɗari da aka cire daga ofis a Jamus. In an jera su, an sa kwali tsakaninsu, gilas bai fashe ba, ga rasit mai sunan mai saye, kaya ne, dokar shara ba ta da hurumi a kansu. Tagogin nan dai, in aka watsa su cikin kwantena haɗe da guntun famfo da wayoyi da fasasshen masai, rabi sun lanƙwashe, to jami'i zai ce mai wannan lodi ba tagar ya saya ba, alminiyum ɗin ya saya zai narka, kuma wannan shara ce komai aka rubuta a takarda. Shi mai kaya ne zai kawo hujja, ba jami'i ba. In kuma hukumar ƙasar tashi da ta ƙasar sauka suka yi saɓani, ɗaya ta ce kaya ɗaya ta ce shara, sashen ya yanke: a ɗauke shi shara. Babu raba gardama. Haka abin yake ko tsakanin Holan da Jamus, shi ya sa masu cinikin tsohon bulo da niƙaƙƙen kankare a can suke ƙorafi, domin abin da wata ƙasa ta ce ya fita daga sunan shara ya zama kayan gini, maƙwabciyarta na iya cewa ita ba ta yarda ba.

Hukuncin ba wasa ba ne, kodayake an zuzuta shi shi ma. Ba wanda zai ɗaure ɗan kasuwar Kano a Turai don ya sayi ƙofa. Alhakin yana wuyan wanda ya shirya fitar da kayan daga can. In an kama lodi ba bisa ƙa'ida ba, a ƙa'ida cikin kwana 30 za a mayar da shi inda ya fito, a aljihun mai aikawa. Kowace ƙasa ita ke tsara tararta, amma dokar ta ce hukuncin ya haɗa da yiwuwar ƙwace lasisi da hana kamfani neman kwangilar gwamnati na wani lokaci, wanda ga kamfanin gini ya fi tara zafi. Akwai kuma wata doka daban ta laifukan muhalli, ita ma ta 2024, da ta mayar da safarar shara mai yawa ba bisa ƙa'ida ba da gangan babban laifi: mafi tsananin ɗaurin da ƙasa za ta tanada kada ya gaza shekara 5, mafi girman tarar kamfani kuma kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na cinikinsa a duniya ko yuro miliyan 40. An kuma ba hukumar OLAF mai yaƙi da zamba damar sa hannu a bincike. Asarar ɗan kasuwarmu ta wani fanni ce: ya biya kuɗi, an tsare kwantena a Hambog ko Antwerp, kaya bai zo ba, sai ya fara bin wakilinsa da waya.

Adalci kuwa, nan zan ɗan karkata. Ƙasar da ke cikin OECD ba ta rubuta takardar roƙo, sa mata ido kawai ake yi, ko da an sha kama ana ƙona robobin Turai a gefen hanya a wasu daga cikinsu. Mu kuma sai mun zauna jarrabawa, mai shara ne kuma ke ba da maki. Sannan ba ɓoyayyen abu ba ne cewa masana'antun ƙarfe na Turai sun daɗe suna neman a rage fitar da tsohon ƙarfe don ya wadace su, yayin da dillalansa ke adawa. Kare muhalli na ciki, kare kasuwa ma na ciki. Sai dai bakinmu ba zai yi tsawo ba, tunda Najeriya ma ta sa tsohon ƙarfe cikin jerin kayan da aka hana fitarwa, don kayan 'yan gwangwan su tsaya wa masu narka rodi na gida.

Wanda ke son ya bi diddigi, tambayar da za a yi wa hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya da ma'aikatar muhalli ita ce wace irin shara aka rubuta a takardar da aka miƙa, kuma wace masana'anta ce za ta karɓa. Roba dai a ajiye ta gefe: dokar ta rufe fitar da sharar roba zuwa duk ƙasar da ba ta cikin OECD daga 21 ga Nuwamba 2026 har zuwa aƙalla 21 ga Mayu 2029, ko sunan ƙasar yana cikin jeri ko ba ya ciki.