Saita faifan zarton tebur

Saita faifan zarton tebur shi ne daidaita faifan da ke yanka ta yadda zai tafi sambal da ramin nan mai tsawo da ke kan teburin injin, sannan a daidaita shingen da ake jingina katako da wannan ramin. Ramin shi ne ma'auni don a jikin teburin yake, faifai da shinge su ke binsa.

Galibin injinan gida faifansu inci 10 ne, wato wajen milimita 254, yana juyawa sama da sau 3000 a minti ɗaya, haƙoran gaba na sauka ƙasa na baya kuma na tasowa sama wajen mai aiki. To in faifan ya ɗan karkace, ko shinge ya matse ta baya, katako sai ya maƙale tsakani, haƙoran baya su cafke shi su wurgo wa mutum a ciki ko ƙirji. Kafin a kai nan akwai alamu, gefen yanka na yin baƙi kamar an ƙona, injin na nishi, ga zanen haƙori a jikin katako, kafintoci da yawa sai su ce ai faifai ne ya dakushe su kai wasawa, alhali saiti ne.

Yadda ake aunawa ba wuya. A zare wuta tukuna, in janareto ne a kashe shi gaba ɗaya. A ɗago faifai sama, a sa wa haƙori guda alama da maka, a auna tazararsa da ramin ta gaba da sukwaya mai zamewa, wato ma'aunin kusurwa mai rular da ake zamarwa, sannan a juya wannan haƙorin dai zuwa baya a sake aunawa. Haƙori ɗaya ake bi saboda faifan kansa na iya samun ɗan lanƙwasa, in ka canja haƙori awon ƙarya zai ma. Masu agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ƙanƙanin bambanci, na neman bambancin kar ya kai kaurin takarda.

Gyaran ya danganta da injin. A ƙananan, ƙarfen da ke riƙe da sandar faifai a ƙarƙashin tebur yake ɗaure, sai a sassauta notinansa a bar ɗaya da ɗan ƙarfi, a ƙwanƙwasa a hankali da guntun katako da guduma. A manya masu akwati kuwa saman teburin ake gusarwa. Wajen ɗaurewa saiti ke gudu, shi ya sa ake ɗaure notin kaɗan-kaɗan ana sake awo.

Injinan da 'yan walda ke haɗawa da mota (injin lantarki mai juya faifai) da bel sau tari ba su da ramin ma, nan dole shinge a saita shi da faifan kai tsaye, gaba da baya, duk sanda aka matsar da shi. Daga ƙarshe a ɗora sukwaya a jikin faifai tsakanin haƙora a ga ya tsaya digiri 90, amma a fara share garin katako da ƙurar hunturu da ke cushewa a ƙasa, su kaɗai ma kan hana shi tsayawa daidai.