Me Ake Nufi da "Rediyoaktif"? Batun Na'urar Gano Hayaƙi

Tun da aka fara yaɗa cewa na'urar gano hayaƙi da ake maƙalawa a silin tana ɗauke da sinadari "rediyoaktif", masu sharhi suke furta kalmar kamar an ce bam. Wasu har suna cakuɗa ta da igiyar rediyo da ta wayar salula, alhali kamannin suna kawai ya haɗa su. Masaniyar kimiyya Marie Curie ce ta fara amfani da kalmar a 1898, kuma ma'anarta ba ta wuce abin da ƙwayoyin zarrarsa ke farfashewa da kansu suna fitar da haskoki marasa ganuwa ba. Ba ta faɗi yawan haskokin ba, ba ta faɗi irinsu ba, alhali da waɗannan biyun ake auna haɗari.

Abin da ke cikin na'urar sunansa amerisiyam-241, kuma bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba. Aikinsa shi ne ya sa iskar da ke tsakanin wasu faranti biyu ta riƙa wuce da lantarki. Da hayaƙi ya shiga, lantarkin ya ragu, sai ƙararrawa ta tashi. Haskokinsa, irin da ake kira alfa, ko fallen takarda ba sa ketawa. Sai an fasa ko an ƙona, ƙurarsa ta shiga huhu ko ciki, yake zama matsala.

Inda ya kamata a yi surutu, a ganina, wajen zubarwa ne. Ana sauya na'urar bayan shekara 10, amma sinadarin sai ya shekara 432 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Hukumar kula da nukiliya ta Amurka ba ta hana jefa ta gida a shara ba, Tarayyar Turai na lissafa ta cikin sharar kayan lantarki da ake tarawa daban, Faransa kuwa a 2011 ta ba da umarnin a janye irinta sannu a hankali. Guda ɗaya ba komai ba ce, tarin ne abin tsoro: a 1994 aka gano wani matashi, David Hahn, yana ƙwaƙule sinadarin daga na'urori masu yawa a jihar Mishigan ta Amurka, har sai da hukuma ta zo ta kwashe rumfar da yake aikin.

Ba kowace na'ura ke da shi ba ma. Mai aiki da haske babu wannan sinadarin a cikinta. Idan lokacin zubarwa ya yi, a juya bayan na'urar: in an ga "Am-241" (wato amerisiyam-241) ko tambarin nan mai fukafukai uku, a cire batir, kada a buɗe, a nemi inda ake karɓarta.