La Vélo Francette: hanyar keke ta kwaruruwan koguna da fadamar Poitou

La Vélo Francette hanyar yawon buɗe ido ce ta masu hawa keke da ke yammacin ƙasar Faransa, wadda ta tashi daga garin Ouistreham na gaɓar tekun da ya raba Faransa da Ingila, ta gangara kudu har birnin La Rochelle da ke bakin tekun Atalantika. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 600, an ƙaddamar da ita a shekarar 2015, kuma lambarta a jerin hanyoyin keke na ƙasar ita ce V43. Ta ratsa yankuna uku, wato Normandie da Pays de la Loire da Nouvelle-Aquitaine, kuma kusan ko'ina ruwa take bi: kogin Orne, da Mayenne, da Loire, da Thouet, sannan Sèvre Niortaise wanda ya ratsa babbar fadamar da ake kira Marais Poitevin.

Kaɗan ne daga cikin hanyar aka share tun farko domin keke. Mafi yawanta gado ne na ayyukan da aka yi don wata bukata dabam, kamar turbar da dawakai suke bi suna jan jiragen kaya a bakin kogi, da layin dogon da jirgi ya daina bi, da jingar da aka tayar don tare ambaliya, da ƙananan titunan karkara. Jirgin ƙasa da dokin da ke jan jirgin ruwa duk ba sa son hawa mai tsauri, shi ya sa mahayin keke mai ɗauke da kaya yake samun shimfiɗaɗɗiyar hanya a yawancin tafiyarsa.

Daga teku zuwa kogin Mayenne

Zangon farko yana bin gefen mashigin ruwan da aka haƙa tsakanin birnin Caen da teku, mai tsawon kimanin kilomita 14, wanda aka buɗe a 1857. A kansa ne gadar Pegasus take a ƙauyen Bénouville, gadar da sojojin Birtaniya suka ƙwace jim kaɗan bayan tsakar dare, kafin wayewar garin 6 ga Yuni 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan Caen hanyar tana hawa kan tsohon layin dogo cikin kwarin Orne zuwa wajajen Clécy, a yankin duwatsu da ake yi wa laƙabi da Suisse Normande. Daga nan zuwa Flers ne ake samun hawa da gangarar da suka fi gajiyar da ƙafa, don haka masu ɗauke da jakunkuna masu nauyi sukan bukaci keke mai giya da yawa. A Domfront hanyar tana gamuwa da Véloscénie, wadda ta haɗa Paris da Mont-Saint-Michel.

Daga garin Mayenne zuwa Daon akwai kimanin kilomita 85 na turbar jan jirage, wadda ta bi ta Laval da Château-Gontier ba tare da mota ta shiga ba. An gyara kogin domin sufuri a ƙarni na 19, aka yi masa madatsai da ƙofofin ruwa masu ɗaga jirgi da sauke shi, kuma kowace ƙofa tana da gidan mai tsaronta. Wasu daga cikin gidajen nan yanzu sun zama wuraren cin abinci da masauki. Kan turbar galibi dandaƙaƙƙen yashi ne da tsakuwa, wanda yake da daɗin tafiya idan gari ya bushe, amma yakan yi laushi ya riƙe siririyar taya idan an kwana ana ruwa.

Kafin Angers ƙasa tana buɗewa ta zama makiyaya mai faɗi, inda Mayenne da Sarthe suke haɗuwa su zama gajeren kogin Maine. Ruwa yakan malale waɗannan filaye a hunturu, har ya rufe wasu sassan hanyar, sai a bi da matafiya ta wani gefen. Tsakanin Angers da Saumur hanyar tana tafiya tare da hanyar keke ta La Loire à Vélo, wani ɓangare na EuroVelo 6 da ta ratsa ƙasashen Turai, cikin kwarin da UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Daga Saumur sai ta karkata kudu ta bi kogin Thouet ta Montreuil-Bellay da Thouars da Parthenay, yawanci a kan ƙananan tituna da ake rabawa da motoci, kuma hawa yana dawowa kafin a isa Niort.

Fadamar Marais Poitevin

Zangon ƙarshe shi ne ya fi yi wa hanyar suna. Marais Poitevin tana da faɗin kimanin hekta 100,000, kuma ita ce dausayi na biyu mafi girma a Faransa bayan Camargue. A zamanin dā wurin sashen teku ne mai tsibirai, wanda laka ta yi ta cikewa sannu a hankali. 'Yan zuhudun Kirista ne suka fara janye ruwan gadan-gadan: a 1217 gidajen ibada biyar, ciki har da na Maillezais da Saint-Michel-en-l'Herm, suka haɗa hannu domin haƙa magudanar da har yau ake kira Canal des Cinq Abbés. Yaƙe-yaƙe suka lalata aikin, sai Sarki Henri IV ya farfaɗo da shi a ƙarshen ƙarni na 16, ya damƙa shi ga injiniya Humphrey Bradley daga Holan.

Wannan aiki ya raba fadamar gida biyu, kuma mahayin keke yana ganin bambancin da idonsa cikin yini guda. Ɓangaren yamma, wanda aka kewaye da jinga aka hana ruwan kogi da na teku shiga, ya zama busasshiyar fadama ta gonakin hatsi da makiyaya. Ɓangaren gabas kuwa an bar shi ya riƙa shanye ambaliyar koguna, shi ne jiƙaƙƙiyar fadama da ake yi wa kirari da Venise verte, wato koriyar Venis, saboda kamarta da birnin magudanan ruwa na Italiya. A ƙarni na 19 aka tsattsaga shi da ƙananan magudanai masu yawan gaske, aka dasa itacen frêne a gaɓoɓinsu domin saiwarsa ta riƙe ƙasa. Ana sare kan itacen lokaci zuwa lokaci don samun itacen wuta, har kututturensa ya kumbura kamar dunƙulallen hannu, sabbin rassa su fito a samansa. A ƙarƙashin inuwarsa wani ɗan ƙaramin ganyen ruwa, wanda bai kai ƙwayar wake ba, yakan lulluɓe magudana har baƙo ya ɗauka ciyawa ce. Wata cutar gwari da ta bazu a Turai tana kashe wannan itace a yanzu, abin da ya sa ake dasa wasu irin itatuwa a madadinsa.

Daga Niort hanyar tana bin Sèvre Niortaise zuwa Coulon, inda matafiya da yawa sukan jingine keke su shiga kwale-kwale mai shimfiɗaɗɗen gindi da ake turawa da gora, wadda mutanen wurin suke kira pigouille. Masu tuƙin sukan dama lakar ƙasan ruwa da gorar, iskar gas ta ruɓaɓɓen ganye ta taso, su ƙyasta mata wuta ta kama a kan ruwa. Wasan jan hankalin baƙi ne, amma yana nuna irin ƙasar da ke ƙarƙashin hanyar. Ana ganin zalɓe da balbela, haka kuma wani babban ɓeran ruwa da aka shigo da shi daga Kudancin Amurka, wanda ramukansa suke rusa gaɓar magudanai.

Bayan Damvix itatuwa suna raguwa, sarari ya buɗe har Marans. Babu hawa a nan, sai dai iskar teku da ke kaɗowa daga yamma, wadda takan wahalar da mahayi fiye da tudu tunda babu abin da ke tare ta. A Marans hanyar tana haɗuwa da Vélodyssée, hanyar keke ta gaɓar Atalantika, sai su bi gefen magudanar da aka fara haƙawa a 1806 har cikin La Rochelle. Birnin yana da tarihinsa da keke, domin a 1976 magajin garinsa Michel Crépeau ya samar da kekuna masu ruwan ɗorawa don amfanin jama'a.

Rikicin ruwa

Kyan fadamar bai hana gardama a kanta ba. An mai da ita gandun kiyaye muhalli na yanki a 1979, amma ta rasa wannan matsayi a tsakiyar shekarun 1990 saboda an nome makiyayu masu dausayi da yawa an shuka hatsi, musamman masarar ban ruwa. A 1999 Kotun Tarayyar Turai ta samu Faransa da laifin gazawa wajen kare wurin, kuma sai a 2014 aka mayar da matsayin. Takaddamar ta sake tashi a kan manyan tafkunan da ake ginawa don tara ruwan noma, har ta kai ga arangama tsakanin masu zanga-zanga da jami'an tsaro a Sainte-Soline a watan Maris 2023.

Yadda ake tafiyar

Wanda yake yin kilomita 60 a yini zai gama hanyar cikin kwana 10, ko da yake mutane da yawa sukan zaɓi zango ɗaya, musamman na Mayenne ko na fadamar, waɗanda suka dace da iyali masu yara. An fi tafiya daga Mayu zuwa Satumba, lokacin da ambaliya ta janye kuma rana take da tsawo. Akwai tashoshin jirgin ƙasa a Caen da Laval da Angers da Saumur da Niort da La Rochelle, don haka ana iya farawa ko tsayawa a tsakiya. Masaukan da ke ɗauke da tambarin Accueil Vélo suna cikin tazarar kilomita 5 daga hanyar, kuma sharaɗi ne su tanadi wurin kulle keke da kayan gyara irin su famfo da kayan faci.